Ba kowace kasala ce ta suga ba

A ɗakin shan maganin da nake aiki a yankin Taba, mai ciwon suga in ya zo yana cewa jikinsa ba ƙarfi, jiri na ɗibarsa a gonar rake, zuciya na bugawa da ɗan tattaki kaɗan, 'yan rakiya sun riga sun yanke hukunci: suga ne ya hau. Sau da yawa a caki yatsa a ga suga lafiya lau. A ja fatar ido ƙasa, sai ga ta fari fat. Jini ne ya yi ƙasa.

Abin ya fi yawa fiye da yadda ake zato. Wani bincike a Ostareliya a 2003 ya gano ƙarancin jini a jikin kusan ɗaya cikin huɗu na masu ciwon suga da aka gwada. Mu kuwa ga zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki a kai.

Babban dalili ƙoda ce. Ita ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, kuma suga na cinta a hankali tun mutum bai ji komai ba. Shi ya sa nake ɗaukar ƙarancin jinin mai suga da muhimmanci, domin wani lokaci shi ne alamar farko cewa ƙoda ta taɓu. Ƙwayar metformin ma, in an yi shekara da shekaru ana shanta, tana rage bitamin B12. Kada a daina ta, a gwada jini dai. Sai magungunan ciwon jiki irin diclofenac da manoma ke sha kullum, masu ƙwarzar ciki ya riƙa tsiyayar jini a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne da an ce jini ya yi ƙasa, sai a kawo lemon malt da madarar gwangwani. Don Allah a daina. Zaƙi ne ake ɗura wa mai suga, jinin kuma yana nan yadda yake. Zogale, alayyahu, wake, ƙwai da hanta sun fi, a kuma nisanta shayi da lokacin cin abinci.

Baba, Inna, ranar awon suga ku ce a duba muku yawan jini, ko da sau ɗaya a shekara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne 13 ga namiji, 12 ga macen da ba ta da ciki. In ya gaza haka, muna tura mutum Hunkuyi ko Makarfi a gwada ƙoda, in ta kama kuma a wuce asibitin koyarwa na Shika.