Darasi A Kan Ƙashi, Gaɓoɓi Da Girman Yara

Ɗalibai da yawa, in aka nuna musu hoton ƙwarangwal a darasin kimiyya, sukan ɗauka ƙashi busasshen abu ne kamar azara, wanda aka kafa domin ya riƙe nama kawai. Alhali kuwa ƙashi abu ne mai rai. Jini yana ratsa shi, yana bukatar abinci, yana girma, in ya karye kuma yana haɗe kansa. A cikin ɓargonsa ne jiki yake ƙera jini. Jariri yakan zo duniya da ƙasusuwa kimanin 300, da yawa cikinsu guringuntsi ne. Yayin da yake girma waɗansu sukan manne da juna, har su koma 206 a jikin babban mutum.

Kusa da bakin kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri da na dantse, akwai wani siririn faifai na guringuntsi. Daga nan ne tsawo yake fitowa. Guringuntsin yana ƙaruwa, jiki kuma yana bin bayansa yana zuba masa sinadarin kalsiyam yana taurara shi, kamar yadda magini yake jera tubali yana bi da yaɓe. Wannan faifai yakan rufe wa 'yan mata wajen shekara 14 zuwa 16, samari kuwa wajen 16 zuwa 18. Da zarar ya rufe, maganar tsawo ta ƙare. Saboda haka samarinmu na ajin ƙarshe masu tambayar maganin ƙara tsawo, gara su riƙe kuɗinsu su sayi sabulu.

Tsawon mutum gado ne, amma abinci da rashin lafiya suna iya hana yaro kaiwa inda gadonsa ya nufa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 37 cikin 100 na yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A Jihar Kebbi adadin ya kai kashi 66, mafi yawa a duk ƙasar a wannan shekara. Yawancin wannan ɓarna tana faruwa ne tun daga ciki zuwa cikar yaro shekara biyu, kuma da wuya a rama ta daga baya.

Lanƙwasar ƙafa

Kusan kowane yaro da ya fara tafiya ƙafafunsa sukan ɗan yi baka, gwiwoyi su yi nesa da juna. Wannan ba ciwo ba ne, yakan miƙe wajen shekara biyu. Daga nan sai ƙafar ta juya, yaro ya ɗan yi gwame, gwiwoyi suna gogar juna, musamman wajen shekara uku zuwa huɗu, sa'an nan ta daidaita wajen shekara bakwai. Iyaye ba su bukatar ɗaure ƙafar ko su yi ta murza ta da ruwan zafi. Goyo ma ba shi ne ke kawo wannan ba, ko da yake an daɗe ana ɗora wa uwaye laifin.

Amma akwai lanƙwasar da ba ta girma ba ce. In yaro ya wuce shekara biyu bakan yana ƙaruwa, ko ƙafa ɗaya ce kawai ta lanƙwashe, ko ya yi jinkirin tafiya, yana kukan ciwon ƙafa, wuyan hannunsa ya yi kauri kamar ya sa awarwaro a ƙarƙashin fata, haƙarƙarinsa kuma ya fito da ƙulli-ƙulli a jere, to wannan laushin ƙashi ne. Guringuntsin yana girma amma ba a taurara shi, nauyin jiki kuwa yana danna shi har ya karkace.

Littattafan da aka koya mana da su a kwalejin horon malamai sun ce rashin bitamin D ke kawo wannan ciwo, rashin bitamin D kuma daga rashin hasken rana ne, gama fata ce take yin sa in rana ta taɓa ta. Haka abin yake a biranen Ingila na zamanin da, inda hayaƙin masana'antu ya rufe sama. To amma mu nan kwarin Rima, wa zai ce rana ta yi mana kaɗan? Yaron Ambursa da ke wasa a waje tun safe har la'asar ba zai rasa ta ba. Me ya sa ake ganin wannan ciwo a ƙasarmu?

A Jos aka amsa wannan tambaya. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, ƙarƙashin Dokta Tom Thacher, sun ɗauki yara 123 masu wannan ciwo suka raba su kashi uku. Waɗansu aka yi musu allurar bitamin D kawai, waɗansu aka ba su kalsiyam kawai, sauran aka haɗa musu duka biyu, har mako 24. A cikin waɗanda suka sha kalsiyam kawai, kashi 61 cikin 100 ƙashinsu ya kusa warkewa sarai. Waɗanda aka haɗa wa biyu, kashi 58. Masu bitamin D kawai kuwa, kashi 19. An buga sakamakon a 1999. Likitocin sun kuma auna abincin yaran, suka ga kalsiyam da suke samu a yini kimanin miligiram 200 ne kawai. Masana sun yarda a 2016 cewa yaron da ya wuce shekara ɗaya in yana samun ƙasa da miligiram 300 a yini yana cikin hatsari, abin da ya wadatar kuwa shi ne sama da 500.

Dalilin yana cikin kwanonmu. Da an yaye yaro sai a bar shi da kunu da tuwo. Masara da dawa da gero da shinkafa suna ƙosarwa, amma kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Ban da haka, a cikin dusar hatsi akwai wani sinadari da ke kama kalsiyam a hanji ya hana shi shiga jini. Jiƙa hatsi da barinsa ya yi tsami, kamar yadda ake yin ƙullun koko, yana rage wannan sinadari.

Abin da ya fi burge ni shi ne binciken da waɗannan likitoci suka buga a 2015. Sun gwada garin busasshen kifi da aka niƙa tare da ƙayarsa, suka ga yana warkar da laushin ƙashi. Mu da muke tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, ƙasar Sarkawa da kamun kifi, ya kamata mu kasa kunne. Babban kifin da ake ɗauka hoto da shi a bikin kamun kifi ba shi ne ya fi amfani ga ƙashin yaro ba, tun da tsokarsa kawai ake ci a yar da ƙaya. Ƙananan kifayen nan masu araha, da ake busarwa ana sayarwa da gwangwani, su ne za a daka su yi laushi duka da ƙayarsu, a tankaɗe, a zuba cokali ɗaya ko biyu a miya ko a kunun yaro. Kofi ɗaya na nono ko kindirmo yana da kalsiyam kusan miligiram 300, muddin ba a cika shi da ruwa ba. Garin kuka, zogale, riɗi da kuɓewa su ma suna taimakawa. Yaron da ciwon ya riga ya kama kuwa sai a kai shi asibiti a ba shi magani daidai gwargwado. In an fara da wuri, ƙafafun ƙananan yara da yawa sukan miƙe ba tare da tiyata ba.

'Yan matanmu su lura da kyau. Yarinyar da laushin ƙashi ya kama tana ƙarama, ƙashin ƙugunta yana iya matsewa, ta sha wuya ranar haihuwa. Kuma yawancin ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi ana tara shi ne kafin shekara 30, mafi yawa a shekarun da kuke sakandare.

Ciwon ƙafa da kumburin gaɓa

Yara tsakanin shekara 3 zuwa 12 sukan yi kukan ciwon ƙwauri ko cinya da dare, a ƙafa biyu, gari na wayewa kuma su tashi da gudu. Tausa da lallashi sun isa. Samari 'yan ƙwallo sukan ji ciwo a ɗan tudun nan na ƙasan gwiwa, shi ma hutu da rage tsalle ne maganinsa. Amma in gaɓa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, yaro yana zazzaɓi ya ƙi taka ƙafar, kada a kwana. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru a gaɓar ko a cikin ƙashi, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya cinye guringuntsin, ƙafar ta gajarce har abada. Tsaga da ƙaho ba su kaiwa inda ciwon yake.

Jaririn da bayan hannunsa da ƙafarsa ke yawan kumbura yana kuka, a gwada jininsa ko sikila ce. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da irin sikila a jininsa ba tare da ciwo ba, shi ya sa gwaji kafin aure ba wasa ba ne. Mai sikila in ya fara ɗingishi da ciwon ƙugu, a ɗauki hoton ƙashin, gama kan ƙashin cinya yakan mutu saboda rashin jini. Ciwon baya mai daɗewa tare da rama da zufar dare, ko ƙusumbin da ya fara fitowa, sau da yawa tarin fuka ne ya shiga ƙashin baya, kuma yana da magani.

Karaya da ɗori

Lokacin mangwaro lokacin karaya ne ga yara, manya kuwa kabu-kabu ne ya fi karya su. Ba ni cikin masu zagin masu ɗori gaba ɗaya. Sana'ar gado ce, suna kusa da jama'a, kuɗinsu da sauƙi, kuma karaya mai sauƙi takan warke a hannunsu, tun da ƙashin yaro yakan haɗe cikin mako uku zuwa shida in an hana shi motsi. Hatsarin yana wurin ɗauri. Hannun da ya karye yakan ci gaba da kumbura kwana biyu ko uku. In an jera kara an ɗaure tam, kumburin ba shi da wurin zuwa, sai ya matse jijiyoyin jini. Tsokar da ta rasa jini takan fara mutuwa cikin sa'o'i shida ko makamancin haka. Ƙarshenta yatsu su ƙandare, ko hannun ya ruɓe sai an yanke. Likitocin ƙashi a arewacin ƙasar nan sun sha rubutawa cewa ɗauri mai tsanani yana cikin manyan dalilan yanke wa yara hannu ko ƙafa.

Alamun ba su da wuyar ganewa. Ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa, yatsu sun kumbura, sun yi sanyi, sun canza launi, sun mutu ko sun kasa motsi. In aka ga haka a kwance ɗaurin nan take, a nufi asibiti, ko da tsakar dare ne. Kada a ce wa yaro ya daure, wai ƙashi ne ke haɗewa. Filastar asibiti ma in ta matse dokar ɗaya ce. Akwai kuma karayar da bai kamata a tsaya wurin mai ɗori da ita ba ko kaɗan: wadda ƙashi ya huda fata, da wadda take a gwiwar hannun yaro ko kusa da wata gaɓa inda faifan girma yake, da ta ƙugu, da ta baya ko wuya. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, a Sakkwato akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Kano kuma Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka buɗe tun 1959.

Haka nan jaririn da aka haifa tafin ƙafarsa ya murɗe ciki, wanda akan samu kamar ɗaya cikin haihuwa 1,000. Ba shan inna ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Da hanyar da Dokta Ignacio Ponseti ya ƙirƙiro a Amurka, ana miƙe ƙafar a hankali da filasta, ana canzawa kowane mako har kamar sau biyar ko shida, sa'an nan a sa masa takalmi na musamman da dare har ya kai shekara huɗu ko biyar. A fara tun makonnin farko ya fi sauƙi.

Iyayenmu da kakanninmu

Ciwon gwiwa da na ƙugu da tsofaffi ke kira sanyin ƙashi, yawancinsa guringuntsin gaɓa ne ya cinye saboda shekaru, da ɗaukar kaya, da ƙiba, da tsohon rauni. Ba ya komawa sabo, amma zama wuri ɗaya yana ƙara shi. Tafiya kaɗan-kaɗan kullum, rage nauyi, da riƙe sanda ba tare da jin kunya ba, suna sauƙaƙa shi. Masu dashen shinkafa a fadama, da suke yini a sunkuye, su riƙa miƙewa lokaci-lokaci, in za su ɗauki buhu kuma su durƙusa da gwiwa maimakon sunkuyawa da baya.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗawa a ƙulla a leda ana sayarwa a kasuwa. Shan irinsu kullum yana iya huda ciki ya lalata ƙoda, waɗansu kuma akwai sinadarin sitiroyid a cikinsu, wanda ke kumbura fuska yana kuma rage ƙarfin ƙashi. Mata bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu yakan yi saurin raguwa, har ƙaramin santsi a makewayi ya karya ƙugu. Tsohuwar da ta faɗi ta kasa tashi, ƙafarta ɗaya ta gajarce ta kuma juya waje, kada a ɗauka targaɗe ne a yi ta ja. A kwantar da ita a kan faffaɗan katako ko ƙyaure, a ɗauke ta a haka zuwa inda za a yi mata hoton ƙashi a ranar.