Wanke Faifan Garmaho da Adana Shi: Darasi Daga Akwatin Kakana a Kafanchan

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, na san wani zai ga kan wannan maƙala ya ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina ruwan mai nazarin Hausa da wankin faifai? To, a yi haƙuri a biyo ni. Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Jju ne harshen gidanmu, Hausa kuwa a kasuwa da coci da wurin wasa na tsince ta a Kafanchan, kuma irin Hausar da muka tashi da ita ba ta damu da bambanta "baki" da "baƙi" ba, ko "kafa" da "ƙafa", ko "sara" da "tsara". Sai da na shigo aji ɗaya a wannan sashe na gane cewa kunnena ma ba ya jin bambancin, balle harshena ya furta. Malaminmu na tsarin sauti ya ba ni shawara in riƙa sauraron makaɗan baka na da, domin su ba sa haɗiye baƙi. Wannan shawara ce ta kai ni ga akwatin kakana.

Marigayi kakana ma'aikacin reluwe ne. Tun 1927 Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo, inda layin da ya taso daga Fatakwal yake rabuwa, wani ya nufi Kaduna, wani ya nufi Jos. Saboda haka garin ya tara Ibo da Yarabawa da Hausawa da mutanen ƙauyukanmu, kuma a wancan zamani idan ma'aikaci ya sayi keke ya sayi rediyo, abin da ya rage masa shi ne garmaho. Akwatin kakana ya nuna wannan cakuɗuwa. Na ƙirga fayafayai 43 a ciki: ga Rex Lawson, ga Jim Reeves, ga Prince Nico Mbarga, sannan ga Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Bala Miller. Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Ba za a sake sa su su maimaita kalma don ɗalibi ya ji yadda suka furta ta ba. Abin da ke cikin faifan, shi ke nan abin da ake da shi.

Kalmar "faifai" da abin da ke cikinsa

Kafin zuwan Bature, faifai shi ne wanda mata ke saƙawa don rufe ƙwarya da sheƙar hatsi. Da Bahaushe ya ga wannan baƙin abu mai faɗi da kewaye, bai wahalar da kansa da aro ba, sai ya faɗaɗa ma'anar kalmar da yake da ita. "Garmaho" ne ya aro daga Ingilishi. Kamannin ma ya wuce na kewaye kawai. Faifan saƙa nannaɗe yake, layi ɗaya ne ke ta zagayawa daga tsakiya har baki. Faifan garmaho ma haka: abin da ido ke gani kamar layuka da yawa, tsaga ɗaya ce siririya da ta faro daga baki ta nannaɗe har tsakiya, kuma a babban faifai tsawonta a fuska ɗaya yakan wuce mita 400. Faɗinta bai kai kaurin gashin kai ba. A bangon wannan tsaga aka zana murya, allura tana bi tana karkarwa, na'ura tana mayar da karkarwar sauti.

A nan ne batun ya shafe mu. Wasula da amon ganga manyan lanƙwasa ne a cikin tsagar, suna jure wahala. Amma zuzau irin su /s/ da /sh/ da /f/, da ɗan fashewar da ke raba tunkuɗau /ƙ/ da /ts/ daga 'yan'uwansu, ƙananan zane ne ƙwarai, kuma su ne farkon abin da ke gogewa idan allura ta yi ta niƙa ƙura a kansu. Bugu da ƙari, idan allura ta ci karo da ƙwayar yashi, ƙarar "ƙas" da take yi gajeriya ce mai kaifi, kamar dai fashewar tunkuɗau. Na taɓa rubuta "ƙ" a littafina har sau uku a wurin da mawaƙi ya furta "k", ashe ƙurar Kafanchan nake rubutawa.

A fara sanin irin faifan

Wannan darasi da hasara na koye shi. Fayafayai iri biyu ne, ko da yake duk baƙaƙe ne. Na farko shi ne tsohon faifai mai juyi 78 a minti ɗaya. Yana da nauyi da kauri, ba ya lanƙwasuwa, idan ya faɗi sai ya fashe kamar tangaran, kuma fuska ɗaya ba ta cika wuce minti uku ko huɗu ba. Ana yin sa da wani irin ƙaro da ake kira shalak, wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin bishiyoyi a Indiya da Tailan, a gauraya da garin dutse. Na biyu shi ne faifan roba, irin robar PVC da ake yin fayif ɗin ruwa da ita. Kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban, mai juyi 33⅓, a 1948, kamfanin RCA Victor kuma ya fito da ƙaramin, mai juyi 45, a 1949.

Ban san wannan ba ranar da na buɗe akwatin. Na ɗauki wani faifai mai nauyi da tambarin karen nan mai sauraron garmaho, gara ta cinye rabin takardarsa har da sunan mawaƙin. Na sa shi sau ɗaya, na ji muryar wani tsoho da goge, Hausarsa irin wadda ban taɓa ji ba, amma ƙara ta yi yawa. Sai na ɗauko sifirit da auduga daga kwabar magani na goge shi. Audugar ta fito baƙa ƙirin, na yi murna wai datti ne ke fita. Ashe faifan ne ke narkewa. Duk kafinta ya san da sifirit ake narkar da shalak a shafa wa katako, ni ce ban sani ba. Da na sake sa shi, sai huci kawai. Kakata tana zaune a tabarma, ta dube ni ta ce, "Kishiya na, kin kashe muryan mutum." Na bar maganarta yadda ta faɗe ta, da Hausarmu ta kudancin Kaduna wadda ba ta ware jinsi a nan. Ba nahawu na tsaya gyarawa ranar ba, kuka na yi.

Saboda haka, kada sifirit ko turare ko kananzir ko fetur su kusanci faifan ƙaro ko kaɗan. A faifan roba ma ni na daina amfani da su.

Yadda nake wankewa

Da farko a wanke hannu, a riƙe faifai ta bakinsa da tsakiyarsa inda takarda take, domin maiƙon yatsa shi ke kama ƙura, kuma shi ne abincin fumfuna. A fara share busasshiyar ƙura da buroshi mai laushi sosai, a bi zagayen tsagar, ba a tsallaka ta ba. Wanda ya zuba ruwa kafin ya share, taɓo ya kwaɓa a cikin tsaga.

Ruwan ma da magana. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, idan suka bushe sai su bar farin saura a ƙasan tsagar, ƙarar ta fi ta da. Tataccen ruwa ake so, irin wanda ake samu a kemis. Masu cajin batir ma suna sayar da shi, amma a yi hattara ƙwarai, don abu biyu ake kira "ruwan batir", ɗayan kuwa asid ne. A lita ɗaya ta ruwan a ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sabulun ruwa na wanke-wanke. Garin sabulu bai dace ba, yana da tsakuwa-tsakuwa kuma ba ya ɗaurayuwa da sauƙi. A shimfiɗa tsabtataccen tawul a kan tebur, a kwantar da faifan, a jiƙa ƙyalle mai laushi irin na goge tabarau, a bi tsagar a hankali sau uku ko huɗu, ba tare da dannawa ba. Ni nakan kifa murfin kofi a kan takardar tsakiya, domin idan ta jiƙe tawadarta zuba take, kuma a kanta ne sunan mawaƙi da lambar faifai suke. Daga nan a ɗauraye da zallar ruwan, a tsane da wani busasshen ƙyalle, a jingina shi tsaye a inuwa, a maratayin faranti idan akwai. Kada a shanya a rana, kada kuma a sa shi a na'ura ko a mayar da shi rigarsa da sauran laima.

Faifan ƙaro kuwa ba a jiƙa shi a bari, don yana shan ruwa, wasu ma da takarda a cikinsu. A goge da sauri, a tsane nan take, a ba shi yini guda ya bushe.

Hunturu da damina

Mu a kudancin Kaduna abokan gaba biyu ne gare mu, suna karɓa-karɓa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu ce da ƙurarta. Bushewar iska tana sa roba ta tara irin lantarkin nan da ke sa riga ta yi tartsatsi idan an tuɓe ta da dare, sai faifan ya riƙa janyo ƙura da kansa, ka share yanzu ka waiwaya ka ga ta dawo. A wannan lokaci ba na barin faifai a waje ko na minti biyar. Damina kuwa a wajenmu ta fi ta Kano tsawo da yawan ruwa, daga Afrilu har Oktoba, kuma a watan Agusta hatta takalmi fumfuna yake yi a ƙarƙashin gado. Rigunan takarda na fayafayai sukan sha danshi su manne, gara da kyankyaso su ƙarasa sauran.

Akwatin kakana na ƙarfe ne, an ajiye shi a ƙasa a ɗaki mai rufin kwano, fayafayan kuma a kwance wani kan wani fiye da shekara 30. Duk abin da bai kamata ba an yi. Na ƙasa sun tsage saboda nauyi, na sama sun lanƙwashe saboda zafin bazara. Tsaye ake jera faifai kamar littattafai, ba a matse ba, ba kuma a karkace ba, manya da manya, ƙanana da ƙanana, a kan kanta nesa da ƙasa da bango da taga. Rigar ciki idan ta ruɓe a canza ta da sabuwar farar takarda, ba jarida ba. Rigar waje kuwa ko ta yage a adana ta daban, domin hoto da rubutun da ke jikinta shaida ne, wani lokaci ma darasi ne a kan yadda ake rubuta Hausa kafin ƙa'idojin rubutu su zauna. Lanƙwasasshen faifai akan sa shi tsakanin gilasai biyu a ɗora littattafai na makonni. Na gwada da guda huɗu, ɗaya ne kawai ya miƙe.

Allura

Tsabtataccen faifai da mugunyar allura, aikin banza ne. Garmahon wani, wato mai hannun juyawa, allurar ƙarfe gare shi, kuma ƙa'idarta fuska ɗaya a jefar, shi ya sa ake sayar da su cike da ɗan gwangwani. Kansa ya fi giram 100 nauyi, don haka idan aka ɗora masa faifan roba, sau ɗaya ya isa ya huɗe shi kamar garma. Na'urar lantarki kuwa nauyin giram biyu zuwa uku ya ishe ta, allurarta ta lu'ulu'u takan yi awa 500 zuwa 1,000 kafin ta dakushe. Tsagar faifai mai juyi 78 ta fi ta roba faɗi ninki uku ko fiye, kowanne da allurarsa. Har ila yau akwai al'adar nan ta ɗora kwabo a kan hannun na'ura idan allura tana tsalle. Kakana ya yi, na ga kwabon manne da cingam. Tsallen yana tsayawa, amma faifan ne ke biya. Ita ma allurar ana share ta da ɗan buroshi, daga baya zuwa gaba kawai.

Bayan wanki

Ko an kiyaye duk wannan, kowane sauraro yana ɗan cin faifai, mai nazari kuwa yakan maimaita baiti ɗaya sau ashirin. Don haka da zarar ya bushe, a sa shi sau ɗaya a naɗa a kwamfuta. Ni da Audacity nake yi, kyauta ce, kuma ina ajiyewa a tsarin WAV. Manhajar tana iya cire ƙararrakin ƙura, amma a nan ma na ƙone hannu: da na matsa mata sosai, sai ta ɗauki fashewar /ƙ/ da bugun kalangu a matsayin datti ta dakusar da su. Tun daga nan nakan ajiye naɗin farko yadda ya fito, in yi gyara a kan kwafi. A rubuta duk abin da ke kan takardar tsakiya, da ƙananan lambobin da aka zana a santsin da ke kewaye da ita, domin da su ake gano kamfani da kimanin lokacin da aka buga faifan.

Zuwa yanzu na wanke 26 daga cikin 43, tara daga ciki na Hausa ne, kuma a kansu nake shirin rubuta kundina na kammala digiri. Ranar da na sa Ɗanmaraya bayan wanki, na ji /ƙ/ ɗinsa tsaf, ba wanda ya nuna mini. Kakata ma ta bar tsinkar zogale ta matso da kujerarta. Saura guda biyar masu juyi 78 suna nan a jere a kanta ban taɓa su ba, har sai na samu allurar da ta dace da su. Wanda na narkar yana can ƙarshen layi, na rubuta masa "mai goge" a sabuwar rigarsa, tun da gara ta riga ni ga sunan.