Tafiya Da Ɗan Wani: Ladanta Da Amanarta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wani abu ne da ake rainawa, wato magidanci ya tashi tafiya, ya ɗebi 'ya'yan cikinsa kaɗai, ya bar ɗan maƙwabci ko marayan ƙanensa tsaye a bakin zaure yana kallon ƙurar mota. A nan Birchi da ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma akan ga haka ranar da za a tafi Katsina kallon hawan Salla, ko a je shan iska madatsar ruwa ta Zobe, ko a tare a gona da kaka a kwana a bukka. Kakanninmu kuwa ba haka suke ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sukan tafi da yaran da ba su haifa ba, ana kwana zango-zango, yaro ya koyi ɗaurin kaya da lissafi da jure wuya, wata rana shi ma ya ja ayari.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a addini. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya ne lokacin da baffansa Abu Ɗalib ya tafi da shi fatauci Sham, yana da shekara kamar 12. Amma abin da ya fi kama da zancenmu shi ne labarin Anas ɗan Malik. A shekara ta 7 bayan Hijira, da za a fita zuwa Haibara, Annabi ya nemi Abu Ɗalha ya samo masa yaron da zai yi masa hidima a hanya. Sai Abu Ɗalha ya goyo Anas a bayan abin hawansa. To, mene ne Anas a wurin Abu Ɗalha? Agola ne, ɗan matarsa Ummu Sulaim. A kula da wannan, domin mu a yau agola shi ne na farko da ake cewa ya zauna ya yi gadin gida.

Buhari ya ruwaito cewa a wannan tafiya, duk inda aka yi zango, Anas yakan ji Annabi yana yawaita neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, da kasala da rowa da ragwanta, da nauyin bashi. Addu'ar nan da muke koya wa 'ya'yanmu har gobe ta bakin yaron nan ta iso mana. Anas ya rayu har wajen shekara ta 93 a Basra, malamai sun ƙirga masa hadisai 2,286. Haka nan Abdullahi ɗan Abbas, yana bayan Annabi a kan abin hawa aka yi masa wasiyyar kiyaye dokokin Allah da roƙonsa Shi kaɗai, wadda ita ce hadisi na 19 a Arba'una ta Nawawi. A Hajjin Ban-kwana kuma Usama ɗan Zaidu ne Annabi ya goya daga Arfa zuwa Muzdalifa.

Sai dai ɗan wani amana ne, amana kuwa tana da sharuɗɗa. Ba a fita da yaro sai da izinin ubansa ko waliyyinsa, a gaya musu inda za a je da ranar dawowa. In an sauka, a daidaita su a ci da sha da shimfiɗa. Wanda ya miƙa wa ɗansa tsoka ya ba ɗan maƙwabci ƙashi, gara ma ya bar shi a gida, don yaro bai manta irin wannan har ya yi furfura. A umurce su da salla daga shekara 7, a raba musu makwanci in sun kai 10, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. Sabo kuma ba ya mai da bare muharrami. Yarinyar da ta balaga ba ta tafiyar yini da kwana sai da muharraminta, ko da a gidanka ta tashi.

Akwai kuma halin da zamani ya kawo. Tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandare ta kimiyya da ke Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, ba mai hankalin da zai yi wasa da batun kwanan daji da yara. In hanya ba ta da aminci, shari'a ba ta yarda ka jefa ɗanka cikin hatsari ba, balle na wani. Amma tsoro bai zama hujjar rowa ba. Zuwa masallacin Idi, da cin kasuwar Dutsin-Ma da rana tsaka, da ziyarar dangi a Kurfi, duk suna da wurin ƙarin yaro guda a mota.

A mako mai zuwa, in Allah Ya yarda, za mu duba hukuncin dukiyar maraya a hannun mai riƙonsa. Wassalamu alaikum.