Hukuncin Mai Jinya Da Na'ura Ke Yi Wa Numfashi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayarwa, Mai kashewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, darasin wannan mako a kan wata mas'ala yake wadda magabata ba su riske ta ba. Mutum ne kwance a asibiti, ba ya ji, ba ya gani, na'ura ce ke hura masa iska, zuciyarsa kuwa tana bugawa. Shin rayayye ne ko matacce? Ya halatta a cire masa na'urar?

Asalin irin wannan jinya daga ƙasar Danmak ne. A shekarar 1952 annobar shan inna ta auka wa birnin Kopenhagen, har yara suka riƙa kasa numfashi. Sai likita Bjorn Ibsen ya ba da shawara a huda maƙogwaro a zura bututu, ɗalibai ɗari-ɗari suka yi ta matsa jakar iska da hannu dare da rana. Da yawa suka rayu. Daga nan ɗakunan kulawa ta musamman suka samu.

Amma maganin ya zo da tasa mas'alar. A 1959 likitocin Faransa suka ba da bayanin wasu majinyata waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta daina aiki ɗungum, ga kuma zuciya tana bugawa albarkacin na'ura. A 1968 wani kwamiti na Jami'ar Harvard a Amurka ya shimfiɗa sharuɗɗan gane wannan hali.

Ga yadda ake binciken. Da fari sai an tabbata ba magani ko tsananin sanyin jiki ne ya sumar da shi ba. Sa'an nan a haska ido a ga ko ƙwayarsa za ta tsuke, a taɓa maƙogwaro a ga ko zai yi tari. Daga ƙarshe a dakatar da na'urar na 'yan mintoci, ana ba shi iskar shaƙa, a ga ko zai yunƙura ya ja numfashi da kansa.

Malamai sun zauna a kan wannan. A 1986, a birnin Amman, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta ce idan ƙwaƙwalwa ta daina aiki baki ɗaya, ƙwararrun likitoci suka tabbatar babu komowa, ta kuma fara lalacewa, to mutumin ya mutu a shari'a. A 1987 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta cire na'urar bisa shaidar ƙwararrun likitoci uku, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya cak. Ke nan sun haɗu a kan halaccin cirewa, sun saɓa a kan lokacin mutuwa.

Wannan saɓani yana da nauyi. Da lokacin mutuwa ne matar mamaci ke fara takaba ta wata huɗu da kwana goma. Da shi ne kuma ake sanin magada: idan uba da ɗa suka yi haɗari tare, wanda ya riga mutuwa shi ake gada.

Sai dai wajibi ne mai karatu ya bambance wannan hali da doguwar suma. A 2019 masu bincike a Jami'ar Columbia suka gwada majinyata 104 da ba su amsa magana. Na'urar auna ƙwaƙwalwa ta nuna 16 daga cikinsu suna amsa umurni a ciki, ko da yake jiki bai motsa ba. Irin waɗannan rayayyu ne, jininsu haramun ne, kuma kyautata magana a gefen gadonsu shi ya dace.

Saboda haka dangi kada su yanke hukunci da ganin ido, ko don kuɗin jinya ya yi nauyi. Su tambayi likita wane hali ne daga cikin biyun, su nemi a yi gwajin, sa'an nan su je ga malami masani. Rai an tabbatar da shi, ba a kawar da shi da zato. Wanda kuwa aka cire wa ɗan'uwansa na'ura bayan sharuɗɗa sun cika, kada ya ɗora wa kansa laifin kisa.

Allah ne Mafi sani. Allah Ya ba majinyata lafiya, Ya sa a cika da imani, amin.