Ciniki a Kasuwar Nima: A Bar Rantsuwa

'Yan'uwa masu saye da sayarwa a Nima da Maamobi, cin riba halal ne. Kana iya cewa "albarka" sau goma har tayi ya yi maka. Abin da shari'a ta hana shi ne ƙarya a kan uwar kuɗi. In ka saro buhun masara sidi kaza, kada ka ƙara da rantsuwa. Ka yi shiru ma ya fi.

Tun faɗuwar sidi a 2022 kowa dala yake kawowa hujjar ƙara farashi, har mai tsohon kaya. Olonka, wato gwangwanin awo, da aka lotsa wa gindi kuwa tauye mudu ne, Suratul Muɗaffifina ta yi kashedi a kai.

Kai ma mai saye, kada ka kushe kaya mai kyau don a rage maka.