Tsufa da Sabuntawa: Nazarin Hanyoyin Farfaɗo da Sashen Iyali a Dandalin Nishaɗi Mai Jigo

Tsakure

Wannan muƙala ta nazarci yadda sassan da ake keɓe wa iyalai masu ƙananan yara a dandalin nishaɗi mai jigo suke tsufa, da hanyoyin da masu waɗannan wurare suke bi wajen sabunta su. An ɗora nazarin a kan ra'in Richard Butler na matakan rayuwar wurin yawon buɗe ido, aka kuma zaɓo misalai daga Amurka da Ingila da Holand. Muƙalar ta gano cewa tsufan sashen iyali yana zuwa ne ta fuskoki uku: lalacewar kayan wasa, da dusashewar taurarin labari, da sauyin buƙatun iyali. Haka kuma ta fito da hanyoyi uku da ake bi wajen magance shi, sannan ta nuna cewa sashen da aka gina a kan tatsuniya ya fi wanda aka gina a kan taurarin talabijin jure wa zamani.

Fitilun Kalmomi: dandalin nishaɗi, jigo, taurari, sashen iyali, tatsuniya

1.0 Gabatarwa

Walt Disney ya sha bayyana cewa tunanin gina Disneyland ya zo masa ne a lokacin da yake kai 'ya'yansa mata biyu hawa lilon dawaki mai kewayawa a lambun Griffith da ke Los Angeles. Su suna wasa, shi kuwa yana zaune a benci babu abin yi. Daga nan ya ƙudurta samar da wurin da yaro da babba za su yi nishaɗi tare. An buɗe Disneyland a garin Anaheim na jihar Kalifoniya ranar 17 ga Yuli, 1955. Tun daga lokacin, kusan duk wani babban dandali irin wannan yana da sashen da ya tanada domin ƙananan yara da iyayensu.

Sai dai wannan sashe ya fi kowane sashe saurin tsufa, kuma shi ne masu dandali suka fi jinkirin kashe wa kuɗi, domin manyan na'urori masu gudu da tsayi su ne ake tallatawa. Idan aka bar shi ya lalace, waɗanda suke asara su ne yaran da tsawonsu bai kai a bar su su hau manyan na'urori ba, tare da iyayen da suka biya kuɗin shiga dominsu. Manufar wannan muƙala ita ce bayyana dalilan wannan tsufa, da auna hanyoyin gyara da aka gwada, da fito da abin da ya kamata a lura da shi kafin a taɓa irin wannan sashe.

2.0 Ma'anar Dandalin Nishaɗi Mai Jigo

Abin da ya raba dandali mai jigo da filin wasa na yau da kullum shi ne labari. A filin wasa, lilo lilo ne kawai. A dandali mai jigo kuwa, gini da kiɗa da tufafin ma'aikata da abincin da ake sayarwa duk suna yi wa labari guda hidima. Masanin zamantakewa Alan Bryman, a littafinsa The Disneyization of Society na shekarar 2004, ya sanya ɗora wuri a kan jigo a farkon siffofi huɗu da ya ce tsarin Disney ya yaɗa a duniya. Saboda haka ma'aunan da manazarta adabi suka saba da su, wato jigo da taurari da zubi da tsari, suna da amfani a nan. Bambancin kawai shi ne, mai karatu yana bin labari shafi bayan shafi, mai ziyara kuwa yana bin sa da ƙafa.

3.0 Ra'in Bincike

A shekarar 1980 Richard Butler ya gabatar da ra'in da yake cewa wurin yawon buɗe ido yana ratsa matakai kamar abu mai rai: ganowa, da shigar mutanen wuri cikin harkar, da bunƙasa, da kafuwa, da tsayawa cik. Daga matakin tsayawa cik hanya takan rabu biyu, ko dai wurin ya durƙushe, ko kuwa a farfaɗo da shi. Butler ya gina ra'in ne domin garuruwa da yankunan shaƙatawa, amma wannan muƙala ta ɗauki matakansa na ƙarshe ta ɗora su a kan sashe guda na cikin dandali, domin sashe yana iya tsayawa cik alhali sauran dandalin yana bunƙasa.

4.0 Dalilan Tsufan Sashen Iyali

Dalili na farko shi ne lalacewar kaya. Kayan wasan yara ana taka su, ana ja, ana hawa, daga safe zuwa dare. Idan wani abu ya lalace ko ya zama da haɗari, sau da yawa rufe shi ake yi ba tare da an maye gurbinsa ba. Sashen Mickey's Toontown na Disneyland, wanda aka buɗe ranar 24 ga Janairu, 1993, misali ne. Ƙaramin jirgin da yake ratsa tsakiyarsa, Jolly Trolley, ya daina aiki a 2003, aka bar shi a tsaye ana ɗaukar hoto da shi. Da haka da haka sashe yakan koma wurin kallo bayan an gina shi domin wasa.

Dalili na biyu shi ne dusashewar taurari. Hausawa sun ce zamani riga ne. Baligin da ya so wani fim yana iya riƙe shi shekara talatin, amma masu ziyarar sashen yara suna sauyawa gaba ɗaya cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma kowane rukuni da taurarin da ya tashi da su. A Universal Studios da ke Fulorida, sashen Woody Woodpecker's KidZone ya dogara ne da wani tsuntsun katun da ya fara fitowa a 1940, da kuma ɓera Fievel na fim ɗin An American Tail na 1986. Yaron da aka haifa bayan 2015 da wuya ya san ko ɗaya daga cikinsu. Idan yaro bai san tauraro ba, jigon ya ɓace masa, abin da ya rage sai fenti da ƙarfe.

Dalili na uku shi ne sauyin abin da iyali suke nema. Yawancin tsofaffin sassa an shimfiɗe su da kankare, babu isasshiyar inuwa, babu wurin zama, babu filin ajiye kekunan jarirai, kuma ba a yi la'akari da yara masu buƙata ta musamman ba. Waɗannan abubuwa a yau su ne iyaye suke fara dubawa.

5.0 Hanyoyin Sabuntawa

5.1 Gyara Tare da Riƙe Jigo

An rufe Mickey's Toontown a watan Maris na 2022, aka sake buɗe shi ranar 19 ga Maris, 2023. Ba a taɓa jigon ba, domin Mickey da abokansa ba su dusashe ba. Zubin wurin aka sauya. An samar da fili mai suna CenTOONial Park mai shimfiɗar ciyawa da inuwa da maɓulɓular ruwa da yara za su taɓa. An kawar da dakalin gefen titi domin keken jarirai da keken marasa iya tafiya su wuce ba tare da cikas ba, an kuma ware wani lungu mai inuwa da ƙarancin hayaniya domin yaran da ƙara take damu. A kan wannan aka ƙara babban abin hawa guda, Mickey & Minnie's Runaway Railway, wanda ba shi da ƙa'idar tsawo, saboda haka kaka da jika suna iya shiga tare.

Makamancin wannan ya faru a Magic Kingdom na Fulorida. An rufe Mickey's Toontown Fair a watan Fabrairu na 2011, aka mayar da wurin Storybook Circus a 2012. Abin lura a nan shi ne yadda aka magance matsalar layi a lilon giwa Dumbo. An mayar da lilon guda biyu, aka gina rumfar wasa mai na'urar sanyaya ɗaki a tsakaninsu, a lokacin kuma ana ba iyaye wata 'yar na'ura da take sanar da su idan layi ya zo kansu. Lokacin jira, wanda shi ne mafi wahala ga mai ɗauke da yaro ɗan shekara uku, ya koma lokacin wasa.

5.2 Sauya Taurari Tare da Riƙe Kayan Wasa

Universal sun rufe mafi yawan sashen KidZone a watan Janairu na 2023, suka buɗe DreamWorks Land a gurbinsa ranar 14 ga Yuni, 2024, da taurarin finafinan Shrek da Trolls da Kung Fu Panda. Ƙaramin jirgin hawa da gangara na tsohon sashen bai motsa daga inda yake ba, suna da launi da ado aka sauya masa. A Ingila ma, Alton Towers sun mayar da tsohon sashensu mai jigon gona zuwa CBeebies Land a 2014, bisa shirye-shiryen tashar yara ta BBC.

Wannan hanya ta fi sauƙin kuɗi da sauri, amma tana da rauni biyu. Na farko, ɗage matsalar take yi, domin sababbin taurarin ma za su tsufa. Na biyu, idan taurarin na wani kamfani ne, dandalin yana zaman haya ne a cikin labarin wani. Dandalin da ke cikin kasuwar Mall of America a jihar Minnesota ya yi amfani da sunan Camp Snoopy daga 1992, amma da yarjejeniyar lasisi ta ƙare a 2006 dole aka cire sunan da taurarin, sai a 2008 ya sami sabon jigo na Nickelodeon.

5.3 Rushewa da Sauya Masu Amfana

A Disney California Adventure an buɗe sashen A Bug's Land a 2002 bayan koke-koken cewa dandalin ba shi da abin yi ga ƙananan yara. Yana da ƙananan na'urorin hawa huɗu da wurin wasan ruwa. An rufe shi a watan Satumba na 2018, aka buɗe Avengers Campus a wurin ranar 4 ga Yuni, 2021. Ɗaya daga cikin na'urorin huɗu ce aka mayar wani sashe da sabon suna. Ta fuskar kasuwanci ana iya kare wannan mataki, amma ta fuskar manufar sashen iyali, an magance tsufan ne ta hanyar sauya waɗanda aka gina wurin dominsu. Matasa da manya sun samu, 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasa.

6.0 Darasi Daga Dajin Tatsuniya

Akwai sashen iyali da ya kauce wa wannan zagaye. A dandalin Efteling da ke garin Kaatsheuvel na ƙasar Holand an buɗe Dajin Tatsuniya a 1952, bisa zane-zanen Anton Pieck, da tatsuniyoyi goma. A yau sun kai kimanin talatin, mafi yawansu daga taskokin 'yan'uwa Grimm da Charles Perrault da Hans Christian Andersen. Sama da shekara saba'in ke nan ba a sauya jigon ba, ƙari ake yi da gyara. Dalilin a fili yake: tatsuniya ba ta da kamfanin da zai janye lasisi, kuma hanyar yaɗuwarta ita ce bakin iyaye da kakanni, ba jadawalin tashar talabijin ba. Wanda aka kai yana yaro shi ne yake komawa da ɗansa yana ba shi labarin. Da tsohuwar zuma ake magani.

A nan ne batun ya shafi manazarta Hausa. Gizo da Ƙoƙi da Dodo da Kura taurari ne da suke da wannan siffa: an san halayensu, ba mallakar kowa ba ne, an kuma taskace labaransu tun daga aikin Frank Edgar na 1911 zuwa 1913 har zuwa jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Duk da haka akwai sharaɗi. Tatsuniya tana jure wa zamani ne muddin ana ci gaba da ba da ita a gida. Inda hirar dare ta mutu, Gizo ma yana iya zama baƙo ga yaro kamar yadda Fievel ya zama.

7.0 Sakamakon Bincike da Shawarwari

Misalan da aka kawo sun nuna cewa matakin farko shi ne gano irin tsufan da ya kama sashe, domin kowane da maganinsa. Idan kaya ne suka lalace ko zubi ya gaza, gyara ya wadatar. Idan taurari ne suka dusashe, sabon fenti a kan tsohon jigo ɓarnar kuɗi ce.

Na biyu, sashe yana buƙatar babban abin hawa aƙalla guda wanda dukan iyali za su shiga tare. Idan babu shi, an koma ga bencin da Walt Disney ya zauna a kai.

Na uku, inuwa da wurin zama da makewayi da wurin shayar da jariri da hanya mara dakali ba ƙari ba ne, su ne suke ƙayyade tsawon lokacin da iyali za su iya zama. Haka nan wasan da ba ya buƙatar layi, kamar na ruwa da na hawa da sauka, yana ɗaukar yara masu yawa a lokaci guda.

Na huɗu, idan ya zama dole a yi amfani da taurarin haya, ya kamata a yi gini ta yadda za a iya sauya ado ba tare da rushe tushe ba.

Na biyar, kafin a rushe sashe, a ƙidaya abubuwan da yaron da bai kai ƙa'idar tsawo ba zai iya hawa a dukan dandalin, a tabbatar adadin bai ragu ba bayan aikin.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta bi diddigin yadda sashen iyali yake kaiwa matakin tsayawa cik a ra'in Butler, da hanyoyi uku da ake bi daga nan. Gyara tare da riƙe jigo ya fi dacewa inda taurari suke da sauran farin jini. Sauya taurari yana sayen lokaci ne kawai. Rushewa kuwa tana kawar da matsalar tare da masu ita. Misalin Efteling ya nuna cewa tsawon ran sashe ya danganta ne da tsawon ran labarin da aka ɗora shi a kai, kuma labarin da ake gado daga baki zuwa baki ya fi wanda ake haya daɗewa. Ya rage ga masu bincike na gaba su duba yadda taurarin tatsuniyar Hausa, waɗanda har yanzu a baki da takarda aka fi sanin su, za su iya samun siffar da ido zai gani ba tare da sun rasa halayensu ba.