Me Ya Sa Jiƙo Ke Salancewa?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ta aiko tana tambaya: me ya sa jiƙon magani ke rasa ƙarfi bayan kwana biyu?

To malama, ganye ɗaya na ɗauke da sinadarai barkatai, kuma da zarar an jiƙa shi, zafi da haske da iska sukan fara cin su. Ki gwada da zoɓo. Jan nan nasa sinadari ne mai suna antosayanin. Ki matsa lemun tsami, sai ya ƙara ja wur. Ki jefa kanwa, sai ya yi duhu ya dushe nan take.

Ga wani misali kuma: akwai wani jinsin tazargade na ƙasar Sin mai sinadarin artemisinin, wanda ke kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Ba ya narkewa sosai a ruwa, zafi kuma na rage masa ƙarfi. A 1971 wata mai bincike mai suna Tu Youyou ta tatso maganin ba tare da tafasawa ba, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Jiƙon da ya kwana uku a gora kuwa, ya yi kumfa ya yi tsami, don Allah ki zubar.